HUKUNCIN BARIN SABON AIKI DON AN SAMI WANDA YA FI SHI

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya raba arziki tsakanin bayinsa, ya sanya sashensu yana bukatar sashe. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, darasinmu na wannan mako a kan wata mas'ala ne wadda samari suke yawan kai wa malamai a 'yan shekarun nan. Ga yadda take. Mutum ya daɗe yana neman aiki, ya kai takardu wurare da dama, shiru kake ji. Can sai wata makaranta mai zaman kanta ta kira shi, ta ɗauke shi koyarwa a kan albashin da bai taka kara ya karya ba. Ya karɓa, tun da ba shi da wani. Bai cika wata biyu ba sai ga takarda daga wani kamfanin da ya nema tun da fari, albashi ninki biyu, aka ce ya zo ya kama aiki ranar ɗaya ga wata. Yaran ajinsa kuwa suna tsakiyar zangon karatu, jarrabawa saura mako shida. To, ya tafi ko ya zauna?

In ya nemi shawarar abokansa, cewa za su yi kowa ya sami rana sai ya yi shanya. In ya je wurin dattawa, su ce masa alkawari kaya ne. Duka biyu suna da ƙamshin gaskiya, amma ba wanda ya yi masa tambayar da malamin fiƙihu zai fara yi, watau: ranar da aka ɗauke ka, mene ne kuka ƙulla, a rubuce ko da baki? Hukuncin yana rataye ne a kan amsar wannan tambaya.

Kafin mu shiga cikinta, bari mu kau da wani ruɗu. Neman aikin da ya fi albashi ba laifi ba ne, ba kuwa rashin godiya ba ne. Ciyar da iyali wajibi ne a kan magidanci, kuma kowa ya san halin da aka shiga tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023. A 2024 hauhawar farashi a Nijeriya ta haura kashi 30 cikin 100. A watan Yuli na 2024 aka ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa naira 70,000, amma dokar ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, don haka ƙananan makarantu da shaguna da yawa suna biyan abin da suka ga dama. Wanda ya ce wa mai mata da 'ya'ya ya ƙi ƙarin albashi da sunan ƙana'a, lalle bai fahimci ƙana'a ba. Ƙana'a halin zuciya ce, ba ta hana ƙafa tafiya neman halal. Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, shi da bakinsa ya nemi sarkin Masar ya ɗora shi a kan taskokin ƙasa, saboda ya san iyawarsa da amanarsa, kamar yadda ya zo a aya ta 55 cikin surar da ke ɗauke da sunansa. Matsalar dai tana wurin haƙƙin mutumin da aka riga aka ƙulla magana da shi.

Aikin albashi a wurin malamai sunansa ijara, watau sayar da amfani, kamar yadda ciniki yake sayar da kaya. Ma'aikaci ya sayar da lokacinsa da ƙarfinsa da saninsa, mai aiki ya saya da kuɗi. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani a zaure zai tuna cewa an kawo ijara ne a cikin babin ciniki, aka kuma shardanta mata a ambaci ajali, a ambaci lada. Kusa da ita aka kawo ja'ala, kamar a ce wanda ya nemo mini saniyata da ta ɓace yana da kaza. Bambancinsu babba ne. Mai ja'ala yana da ikon ya bari duk sa'ad da ya so, sai dai ba shi da ko anini in bai gama ba. Ijara kuwa ƙulli ne mai lazimta: da zarar an ƙulla, ba ɗayansu da ke da ikon warwarewa shi kaɗai. Wannan shi ne abin da farkon Suratul Ma'ida ya umurci muminai da shi, na cika ƙulle-ƙullen da suka yi, kuma aya ta 34 ta Suratul Isra'i ta gaya mana alkawari abin tambaya ne ranar gobe.

Alƙur'ani ya ba mu labarin ijara guda ɗaya filla-filla, a Suratul Ƙasas, daga aya ta 26 zuwa ta 28. Annabi Musa ya isa Madyana a guje, ba gida, ba guzuri. Wani dattijo, wanda malaman tafsiri da yawa suka ce Annabi Shu'aibu ne, wasu kuwa suka ce ba shi ba ne, ya ɗauke shi aiki bisa shawarar 'yarsa, wadda ta shaide shi da ƙarfi da amana. Aka yanka ajali, shekara 8 dole, in ya cika 10 alheri ne daga gare shi. A dubi yadda aka raba abin da ke wajibi da abin da ke kyautatawa tun ranar farko, don kada wani ya zargi wani daga baya. Dattijon ya ce ba ya nufin ya tsananta masa, Musa kuwa ya ce kowane ajali ya cika babu laifi a kansa, suka sanya Allah wakili. Buhari ya ruwaito cewa an tambayi Abdullahi ɗan Abbas wanne daga cikin biyun Musa ya cika, ya amsa da cewa mafi tsawon ya cika. Mutumin da ya tashi a fadar Fir'auna ya yi shekara 10 yana kiwo a jeji, bai ce wannan aiki ya yi masa kaɗan ba.

Saboda haka wanda aka ɗauka aiki a kan ajali sananne, kamar a rubuta shekarar karatu ɗaya, ko wata 12, ba a kuwa sanya masa ƙofar fita ba, samun albashi mafi tsoka bai zama masa hujjar tafiya ba. Ibn Rushd a cikin Bidayatul Mujtahid ya kawo saɓanin malamai a nan. Maliki da Shafi'i da mafi yawan malamai ba su yarda a warware ijara ba sai da irin abin da ke warware ciniki, kamar aibi ko halakar abin da aka yi ijarar a kansa. Abu Hanifa da almajiransa sun sassauta, suka ce ana warware ta saboda uzuri, kamar ɗan kasuwar da ya kama hayar shago sa'an nan dukiyarsa ta ƙone. To, amma ko su Hanafawan ba su lissafa samun gida mafi araha, ko samun ɗan haya mai biya da yawa, a cikin uzuri ba. Da an buɗe wannan ƙofa, da babu yarjejeniyar da za ta kwana biyu, domin kullum akwai wanda zai taya da ƙari.

Sai dai fa yawancin ayyukan albashi na zamaninmu ba irin na Annabi Musa ba ne. Malamanmu na Malikiyya, a babin hayar gida, sun rarrabe tsakanin abin da suka kira wajiba da abin da suka kira mushahara, kuma mai karatun Muhtasar na Shaihu Halilu zai same shi a wurin. Wajiba ita ce a ce na kama gidan nan shekara ɗaya a kan kaza. Wannan ta lazimci kowa har ajali ya ƙare. Mushahara kuwa ita ce a ce kowane wata kaza, ba a ambaci ƙarshe ba. Wannan ba ta lazimta, kowannensu yana da ikon ya janye, sai fa in an biya kuɗi a gaba, to sai a cika gwargwadon abin da aka biya. Ma'aikacin da aka ce masa albashinka kaza a wata, ba a ce zuwa yaushe ba, ya fi kama da mai mushahara. Ba a saye shi har abada ba.

A kan wannan kuma sai ga sharaɗin notis. Mafi yawan takardun ɗaukar aiki suna ɗauke da magana cewa kowane ɓangare yana iya kawo ƙarshen aikin in ya ba da sanarwar wata ɗaya, ko ya biya albashin wata ɗaya a madadinta. Wannan sharaɗi halal ne, kuma hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito ya nuna Musulmi suna kan sharuɗɗansu matuƙar ba su halatta haram ko su haramta halal ba. Wanda ya bi ta wannan ƙofa bai warware alkawari ba, ko da kwana 40 kaɗai ya yi a wurin, domin da ita aka ƙulla tun farko. In takardar ba ta ce komai ba, Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1974, ta yanka mafi ƙarancin sanarwa a sashe na 11: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata 3 ba, mako ɗaya ga wanda ya wuce wata 3 amma bai kai shekara 2 ba, mako 2 daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5, wata ɗaya ga mai shekara 5 ko fiye. Dokar ta fi shafar leburori da akawuna, manyan ma'aikata da ƙwararru kuwa abin da ke cikin takardarsu ake bi. Haka nan lokacin gwaji, wata 3 ko 6 da ake sanya wa sabon ma'aikaci. Mutane suna ɗauka mai aiki kaɗai ke gwaji. A'a, shi ma ma'aikacin yana gwada wurin, kuma wanda ya tanadi ikon sallamar mutum cikin mako ɗaya bai kamata ya yi kukan cin amana ba in an yi amfani da irin wannan iko a kansa.

Da maganar ta tsaya a takarda, da mun gama. Amma akwai abin da ake faɗa da baki, kuma a nan samari suka fi zamewa. Ranar ganawa shugaban makaranta ya dubi mai neman aiki ya ce, malam, malamanmu na lissafi biyu sun gudu a bara, ka tabbata za ka kai mana yaran nan ƙarshen shekara? Shi kuwa, don tsoron kada aikin ya kuɓuce, ya ce ƙwarai kuwa, ranka ya daɗe, ba inda za ni. Alhali ya san takardunsa suna wurare uku, yana jiran kira. A kan wannan magana aka sallami sauran masu nema, aka ba shi ajin ƙarshe, wataƙila ma aka biya masa hayar ɗaki. Wannan wa'adi ne, kuma malamai sun yi saɓani a kan ko alƙali yana tilasta cika wa'adi. Abin da ya shahara a mazhabarmu, wanda ake jingina wa Ibn Ƙasim da Sahnunu, shi ne wa'adi yana zama dole in an rataya shi a kan wani dalili, wanda aka yi wa kuma ya riga ya shiga ɗawainiya saboda shi. Misalin da suke bayarwa shi ne ka ce wa mutum rushe gidanka ni zan ranta maka kuɗin gini, ya rushe, sa'an nan ka ce ka fasa. Majalisar Fiƙihu ta Duniya mai mazauni a Jidda ta ɗauki wannan ra'ayi a taronta na Kuwait a 1988. Shugaban da ya sallami masu nema saboda maganarka, shi ne mai rusasshen gida.

Wani zai ce, ai abin da na samu ya fi alheri nesa ba kusa ba. To, ya saurari wannan. Muslim ya ruwaito daga Huzaifa ɗan Yamani cewa shi da mahaifinsa sun fito za su Madina, sai Ƙuraishawa suka tare su, suka ƙi sakinsu sai da suka ɗauki alkawarin ba za su yi yaƙi tare da Annabi ba. Suka iso ana shirin Badar, a shekara ta 2 bayan hijira, Musulmi kimanin 313 ne, abokan gaba kuwa sun kusa 1,000. Kowane takobi ana bukatarsa. Da suka ba da labari, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurce su da su koma, ya ce za a cika wa mutanen alkawarinsu, a nemi taimakon Allah a kansu. Wane albashi ne ya kai halartar Badar daraja? Duk da haka Huzaifa ya rasa ta saboda magana ɗaya da ya yi wa kafirai.

Na kuma ji masu kafa hujja da hadisin nan na rantsuwa, cewa wanda ya rantse a kan abu sa'an nan ya ga wanda ya fi shi alheri, ya aikata mafi alherin, ya yi kaffara. Hadisin ingantacce ne, amma an ɗora shi a inda ba mazauninsa ba. Yana magana ne a kan rantsuwar da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa, kamar wanda ya rantse ba zai ƙara taka gidan ɗan'uwansa ba. Ciyar da miskinai 10 yana share wannan, amma ba ya share haƙƙin yara 40 da aka bari ba malami. Haƙƙin mutum, mai shi kaɗai ke yafewa.

Wannan ita ce ƙofar da ta rage wa wanda ajali ko wa'adi ya ɗaure, kuma ƙofa ce mai faɗi, sunanta iƙala, watau warware ƙulli da yardar juna. Ya je da ƙafarsa, kada ya aika saƙon waya, ya faɗi gaskiya: ga abin da na samu, ga nauyin da ke kaina, ina roƙon a sauwaƙe mini. Ya zo da abin da zai rage ɓarnar, ko ya kawo wanda zai maye gurbinsa, ko ya riƙa zuwa ranar Asabar har a yi jarrabawa, ko ya mayar da kuɗin hayar da aka biya masa. Kafin haka ma ya fara roƙon sabon wurin su ɗaga masa ranar kama aiki da mako shida. Da yawa ba su gwada wannan ba, suna tsammani za a ƙi, alhali kamfanin kirki ya fi son mutumin da ya ƙi watsar da amana, don ya san gobe haka zai yi masa. Shugaban da aka zo wa da irin wannan roƙo kuwa ya tuna hadisin Abu Dawuda da Ibn Majah, wanda ya yi albishir cewa mai sauwaƙe wa Musulmi cinikin da ya yi nadama a kai, Allah zai sauwaƙe masa tuntuɓensa. In ba za ka iya biyan yaro abin da zai ci da iyalinsa ba, kada ka tsare masa hanya don kawai takarda tana hannunka. Amma in an roƙa ya ƙi, ajalin kuwa gajere ne, to a ganina cikawa ita ce wajibi, ko da sabon aikin zai wuce.

Abin da ba shi da mafita ko ta wace fuska shi ne ɗabi'ar da ta zama ruwan dare: a jira albashi ya shiga ranar 28 ga wata, a kashe waya, a ɓace, ranar Litinin yara su yi ta jiran malam. Wani ma yana riƙe da makullin ofis da takardun jarrabawa. Wani kuwa sai ya ƙirƙiro rashin lafiyar mahaifiya don ya sami kwana uku ya je ganawa. Wannan ya tara saɓa alkawari da ƙarya da cin amana, waɗanda su ne alamomin nan uku na munafuki da Buhari da Muslim suka ruwaito.

Akwai kuma masu yarjejeniyar karatu, waɗanda gwamnati ko wata ma'aikata ta biya musu kuɗin makaranta bisa sharaɗin su dawo su yi aiki shekaru kaza, kamar likitoci da ma'aikatan jinya da malaman jami'a. A 2023 shugabannin asusun TETFund sun koka a gaban 'yan majalisa cewa wasu malaman da aka tura karatu waje sun ƙi dawowa. Hukuncin waɗannan a fili yake: ko a cika shekarun, ko a mayar da kuɗin yadda aka rubuta. Majalisar Fiƙihun da muka ambata, a taronta na Riyad a 2000, ta halatta sharaɗin biyan diyya a irin waɗannan yarjejeniyoyi matuƙar ba a kan bashi aka ɗora shi ba, ta kuma ce a auna shi da ainihin hasarar da aka yi, alƙali yana da ikon rage shi in an wuce iyaka. Dukiyar gwamnati kuwa ba ta rasa mai ita ba, masu ita ne suka yi yawa.

Duk abin da muka faɗa yana kan mai aikin da ya cika nasa. In shi ne ya fara warwarewa, kamar ya riƙe albashi wata biyu ko uku, ko ya ce naira 60,000 ranar ɗauka sa'an nan ya ba da 40,000 ƙarshen wata, ko ya sa mutum aikin haram kamar ba yara amsa a ɗakin jarrabawa, to ma'aikaci yana da ikon tafiya, ba zunubi a kansa. Ijara musanya ce, wanda ya hana nasa ba shi da bakin neman na wani. Buhari ya ruwaito hadisi ƙudusi cewa mutum uku Allah da kansa zai yi husuma da su ranar alƙiyama, a cikinsu akwai wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago, ya karɓi aikinsa cikakke, ya hana shi lada. A hadisin nan dai aka ambaci wanda ya yi alkawari da sunan Allah ya yaudara, saboda haka gargaɗin ya haɗa ɓangarorin biyu. Ko a wannan hali ma ya fi kyau ya sanar kafin ya tafi, ya miƙa kayan mutane, don yaran ba su ne suka ci masa albashi ba.

Saura abu guda. Wanda shari'a ta buɗe wa ƙofa, kada ya ajiye aikin da ke hannunsa sai takardar sabon ta zo a rubuce, da albashi da ranar farawa, kuma ya bincika ko aikin halal ne, ko wurin suna biya a kan kari, ko kuɗin mota da haya a sabon garin ba za su cinye ƙarin ba. Ya yi shawara da wanda ya san wurin, sa'an nan ya yi raka'a biyu na istihara kamar yadda ya zo a hadisin Jabir. A lura dai, istihara ana yin ta ne a kan abin da mutum yake da zaɓi a cikinsa. Ba a yin ta a kan ko a cika wajibi ko a bari.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba hukuncin mai aikin da ke zawarcin ma'aikacin wani alhali ya san ajalinsa bai cika ba, da abin da malamai suka ce game da kamanta shi da mai ciniki a kan cinikin ɗan'uwansa. Wassalamu alaikum.